Wa Ya Ƙera Ampilin Baba?

Tasawa, ranar Talata

Zuwa ga matata Zara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da Ummi. Yaya ƙarfin jiki, yaya wankan jego? Tana barinki kina samun barci kuwa? Ki gaida mani Malam da Inna da kyau, da duk mutanen gidan. Mu nan Tasawa mun gode Allah. Jikin Baba yana nan yadda kika bar shi, hannun dama da ƙafa ba motsi, baki kuma har yau bai buɗe ba.

Na san za ki yi mamakin takarda alhali ga salula. To, salular gidanku a aljihun Malam take, abin da zan faɗa maki kuwa ba na so ki ji shi mahaifinki yana tsaye a kanki. Shi ya sa na ba Ilyasu direba, na roƙe shi ya sa maki a hannu in ya iso Dakoro.

Zara'u, an karɓe ampilin Baba, akwatin nan mai ƙara sautin gita.

Ranar Asabar mun je kiɗan buki a wani ƙauye gaba da Hawandawaki. Bayan la'asar aka tada gurup, injin wuta, na jona gita, mata suka fara shigowa fili. Tun da na fara na lura da wani mutum tsaye a gefe da sanda a kafaɗa. Kowa rawa yake kallo, shi ko akwatin ya ƙura wa ido. Ina tsakiyar waƙa ya ratso mutane ya fizge waya. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar gurup.

Sunansa Hamza, dillalin shanu ne daga wajen Mayahi. Ya ce ampilin na yayansa ne, Illo, wanda 'yan fashi suka kashe a hanyar kasuwa shekara talatin da wani abu, ba a kuma taɓa kama su ba. Na yi dariya, Allah ya yafe mani, don na ɗauka kama ce ta ruɗe shi. Sai ya ce in kife akwatin. Ya ce a ƙasansa akwai tabon ƙuna ta hagu, kuma ƙafa ɗaya ba ta katako ba ce, ta ƙaho ce. Shi ya ƙona wurin da garwashin shayi yana yaro, har ya sha duka a kai. Na kife shi gaban jama'a. Ga tabo, ga ƙaho. Ni na san da su tun ina ƙarami, ban dai taɓa tambayar asalinsu ba.

Na ce na mahaifina ne, Alhassan mai gita, kowa ya san shi da shi. Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Alhassan? Ba shi ne ke bin manyan motoci a wannan hanyar ba a shekarun nan?" Ba da mugunta ya faɗa ba, ina jin tunawa kawai ya yi. Amma na ga yadda maganar ta bi fuskokin mutane.

Aka kai mu gaban mai gari. Ya saurari kowa, ya ce akwatin zai zauna a zaurensa, ni kuma in kawo shaidar inda Baba ya same shi. Hamza ya ce zai jira don girman mai gari, amma in haƙurinsa ya ƙare wajen jandarma za shi, kuma ba maganar akwati zai kai ba, maganar jini.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na tambaye shi. Da ya ji sunan Illo sai hawaye suka zubo ta idon da ke rufuwa da wanda ba ya rufuwa. Na ce ya ɗaga kai in saye ya yi, ya ɗaga. Na ce ya ɗaga in ba shi aka yi, ya kuma ɗagawa. Kin san yadda ciwon ya mai da shi. Gwaggo Hafsatu, wadda ke jinyarsa tun tafiyarki, abin da ta sani kawai shi ne wata rana ya shigo gida da akwatin bisa jaki, bai ce wa kowa komai ba.

Wanda zai fid da mu shi ne wanda ya ƙera shi, ko wanda ya sayar. Akwatin kuwa ba suna, ba lamba, ba tambarin kamfani ko ɗaya a jikinsa.

Kada ki bari abin ya hana ki cin abinci, kina shayarwa. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Rufa'i


Tasawa, ranar Lahadi

Zara'u tawa,

Sallama da gaisuwa. Amsarki ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Na ji daɗi da kika ce cibiyar Ummi ta warke, ta fara bin mutum da ido. Yaya tarin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida Malam, ko da yake na gane daga maganarki labarin ya riga ya kai kunnensa.

Nan abin bai yi daɗi ba. Ana cikin kaka, ko'ina buki, amma gidajen da suka kira ni duk sun aiko cewa sun fasa. Ba rashin ampili ba ne, da shi ne da na yi haya. Ba wanda ke son ɗan wanda ake zargi da kisa ya yi kiɗa a auren ɗiyarsa. Masu zuwa duba Baba bayan sallar Juma'a sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma kallonsa suke zuwa yi. Gwaggo ta daina zuwa famfo, sai ta aika a ɗebo mata. Shi kuwa yana kwance yana jin komai. Ya rage cin abinci, in an kawo fura sai ya juya fuska bango.

Na koma ƙauyen, mai gari ya bar ni na buɗe bayan akwatin na ɗauki hotuna ciki da waje. Na kai wa Aliyu mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda ya taɓa canza mani waya a ciki. Ya ce tun a lokacin ya san ba aikin kamfani ba ne. Kwalaben fitilar nan da ke yin ja in sun yi zafi, daga tsohuwar rediyon Faransa aka ciro su. Katakon na akwatin shayi ne. Wani ne ya zauna ya harhaɗa shi da hannunsa, kuma mai hannun ya iya. Amma wane ne, bai sani ba. Ya tura hotunan ga abokan sana'arsa na Maradi da Damagaram da Kano. Wani ya ce aikin Aljeriya ne, wani ya ce na Kumasi, wani ya ce in na sayarwa ne yana so. Kowa ya faɗi nasa, ba wanda ya faɗi suna.

Aliyu ne ya ce mu daina kallon ciki mu kalli waje. Kusurwoyin akwatin an lulluɓe su da farin ƙarfe mai zane, irin na kuben takobi, mariƙin kuma fata ce saƙaƙƙiya. Ya ce wannan hannun maƙera ne, in nemi matansu masu dukanci.

Ranar kasuwar Mayahi na je rumfunansu. Na bi su ina nuna hoto kamar mai cigiyar ɗan da ya ɓata. Wasu suka karɓa suka duba, wasu suka ce in ba saye zan yi ba in matsa. Can ƙarshen layi wata tsohuwa mai suna Tanna ta sa na ƙara girman hoton mariƙin, ta daɗe tana kallo. Ta ce irin wannan saƙar mutanen wajen Attantane ke yinta. Ta kuma ce a can an yi wani maƙeri, Shu'aibu, da ya yi aikin kuran, wato lantarki, a arewa yana saurayi, ya dawo gida yana gyaran rediyo da lasifikar masallatai. Ko yana raye ba ta sani ba, rabonta da jin labarinsa tun kafin mijinta ya rasu.

Gobe in Allah ya kai mu zan ari moto, wato babur, in tafi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Jiya ina goge wa Baba baki sai na tsinci kaina ina kallon hannunsa, wanda ya koya mani riƙe gita, ina tambayar kaina me ya taɓa aikatawa kafin a haife ni. Na fita waje na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba. Me ya sa bai taɓa ambaton Illo ba? Me ya sa yake kuka? In na sami Shu'aibu ya faɗi abin da ba na son ji, ban san yadda zan shigo gidan nan in ci gaba da ba shi abinci a baki ba.

Ki shafa mani kan Ummi.

Naki,
Rufa'i


Tasawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Zara'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yarinya, da Inna da kowa. Saƙon Malam ya same ni ta bakin Ilyasu, cewa ko kin gama wanka ba za ki dawo ba sai magana ta fito fili. Ban ji haushinsa ba. Tun farko da ƙyar ya ba makaɗi ɗiyarsa, yanzu ga wannan. Kada ki yi masa gardama saboda ni.

Na sami Shu'aibu. Yana raye, a wani ɗan ƙauye arewa da Attantane, hanyar duk rairayi, rabi turin moto na yi. Na iske shi zaune a inuwar aduwa, tsoho ƙwarai, yanar tsufa ta rufe masa ido biyu. Na miƙa masa salula ya ga hoto, ya yi murmushi ya ce ko raƙumi na sa a gabansa sai dai ya ji warinsa. Sai na kwatanta masa akwatin da baki. Yana saurare har na zo kan ƙafar ƙaho. Nan ya tare ni ya ce, "Mamurɗin ƙara sauti, hagu ake murɗa shi ko dama?"

Duk ampilin duniya dama ake murɗawa, namu kaɗai ne hagu. Na faɗa masa. Ya ce shi ya ɗaura shi a juye, shi ne na farko da ya taɓa yi, kullum yana cewa zai gyara har abin ya bar hannunsa. Ƙahon na ragon sunan ɗansa ne, katako ne ya ƙare masa. Mariƙin kuma marigayiya matarsa ce ta saƙa.

Na ce wa ya yi wa shi? Ya ce Illo.

Na ce to yaya aka yi ya zo hannun Alhassan na Tasawa? Ya tambaye ni ko ni ɗansa ne, na ce e, na gaya masa halin da yake ciki da abin da ake faɗa a kansa. Ya yi salati. Sannan ya ce maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, ba zai faɗe ta a bayan idon ɗan'uwan Illo ba. In zo da Hamza, in zo da akwatin, in zo da wanda zai yi shaida. Na roƙe shi, har na riƙe ƙafarsa, ko kalma ɗaya ya ba ni in tafi da ita. Ya ce in tashi, rana tana yi, hanya da nisa.

Ban san abin da zan ɗauka a wannan ba. Da alheri ne, me zai hana shi faɗa wa ɗa?

Mai gari ya yarda, zai haɗa mu da wakilinsa. Hamza ma ya yarda, ya ce daga can, in ta kama, Mayahi zai wuce kai tsaye wajen jandarma. Ban gaya wa Baba na sami Shu'aibu ba. Na je zan faɗa, na kasa.

Ki yi mana addu'a da gaske.

Rufa'i


Tasawa, ranar Laraba

Matata Zara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Ummi, da Malam da Inna. Ina fatan kowa lafiya. Wannan takardar kina iya karanta wa Malam ita, wakilin mai gari ma ya ce a ba shi lambarsa in yana son ji daga bakinsa.

Baba bai kashe kowa ba, bai saci komai ba. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta, sauran ki bi a hankali.

Mun je mu uku a motar kasuwa, akwatin a kan cinyata, Hamza a gefena. Da muka isa aka shimfiɗa tabarma, mutanen ƙauyen suka taru. Shu'aibu ya sa aka ajiye akwatin gabansa. Ya shafa kusurwoyin, ya riƙe mariƙin ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce nasa ne, ya juya wajen da ya ji muryar Hamza.

Ya ce Illo ya kawo masa akwatin gyara ne saboda yana gurnani, ya bar shi ya wuce kasuwa, a hanyar dawowa aka tare shi. Ranar da aka kashe shi akwatin yana ɗakin Shu'aibu a buɗe, 'yan fashi ba su taɓa ganinsa ba. Motar da ta tsinci gawar a bakin hanya kuwa ita ce wadda Baba ke bi. Shi ya gane shi, don abokin kiɗansa ne, tare suke zuwa bukukuwa. Shi ya cire rawaninsa ya rufe shi, ya riƙe kansa a cinya har gida.

Bayan sadakar bakwai Shu'aibu ya ɗora akwatin bisa jaki ya kai gidan su Illo. Mahaifinsu ya fito ya ce wannan akwatin ne ya raba ɗansa da gona da garke ya koya masa yawon hanya, in aka bar masa shi a ƙofa wuta zai sa masa. Shu'aibu ya juya da jakinsa. Bai iya ajiye shi a ɗaki yana kallo ba, sai ya kira Baba ya ce ya tafi da shi, ya yi kiɗa da shi kada ya lalace, amma amana ce. In ƙanin Illo ya girma ya nema, a ba shi.

"Abin da ya sa ban faɗa wa yaron nan shi kaɗai ba," in ji shi, "mahaifinka ya rasu, Hamza. Ba na so ka ji a bakin kasuwa cewa na ce ya kori kayan ɗansa. Baƙin ciki ne ya sa shi, ni na ga idonsa ranar."

Hamza bai yi musu ba. Ya ce ya tuna jakin. Yana bayan zana yana leƙe, ya ji tsawar mahaifinsa, bai dai san abin da ke cikin buhun ba. Da ya dami uwarsa da tambayar akwatin yaya, sai ta ce ɓarayin sun tafi da shi, don ya yi shiru. Da wannan ya girma. Duk bukin da ya ji gita sai ya tsaya ya duba. Yana faɗa ya ja rawani ya rufe fuska, mu duka muka sunkuyar da kai.

Hamza bai wuce Mayahi ba, Tasawa ya biyo ni. Ya ce a kira maƙwabta da limamin unguwa, ya durƙusa gaban shimfiɗar Baba ya faɗi komai da bakinsa, ya nemi gafara. Gwaggo tana ƙofar ɗaki tana kuka tana kiran sunayen waɗanda suka daina gaishe ta. Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan Hamza.

Daga nan Hamza ya ce shi ba makaɗi ba ne, akwatin ya zauna wurina, da shi nake ci da iyali. Wallahi na ji sanyi a raina, har na fara godiya. Sai Baba ya bugi tabarma. Ya miƙa hannu ya tura akwatin wajen Hamza. Hamza ya mayar, ya sake turawa, yana wani sauti a maƙogwaro da ban taɓa jin ya yi ba, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai natsu ba sai da Hamza ya kama mariƙin. Sannan ya koma ya kwanta ya rufe ido.

Ni na ɗaure akwatin da kaina a saman motar Mayahi, na sa masa buhu saboda rana.

Ba zan ɓoye maki ba, raina bai gama kwanciya ba. Da akwatin nan na koyi kiɗa, a kiɗansa kika fara ganina, kuma ba inda zan sami mai irin muryarsa. Na gwada na haya a wurin Aliyu, ƙara ce kawai kamar ana buga kwano. Akwai kuma tambayar da ba mai amsa mani ita. Duk shekarun nan Baba ya nemi ƙanin Illo bai same shi ba ne, ko tsoron mahaifin Illo ya ji, ko son akwatin ne ya sa ya yi ta cewa sai baɗi? Na kalle shi na ga ba zan taɓa sani ba, na bar wa Allah. A gari ma ba kowa ya ji ƙarshen maganar ba, farkonta ya fi saurin yawo. Gida ɗaya dai sun aiko in zo masu kiɗa a wata mai kamawa.

Da yamma bayan motar ta tafi ina zaune a tsakar gida, sai Gwaggo ta ce Baba yana nuna bango. Gitar yake nunawa. Na sauko da ita na zauna bakin ƙofa na fara kaɗawa haka nan ba a jona ta da komai ba. Kin san gitar kuran in ba ampili, kamar sauro take, ni kaina da ƙyar nake ji. Sai ya yafito ni. Na matso, ya sake yafitowa, har na hau tabarmarsa gwiwata tana taɓa kafaɗarsa. Ya kama rigata ya ja, sai da cikin gitar ya jingina da kunnensa. A haka na yi masa kiɗa har aka kira magariba. Da Gwaggo ta kawo fura, ya sha.

In Malam ya amince, ki aiko ta hannun Ilyasu ranar da zan zo in ɗauke ku. Ɗakinki na share shi, gidan sauron ma na wanke. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai kewarki,
Rufa'i Alhassan